Watan da Guguwa Ta Canza wa Kekuna Wuri

A kamfanin ɗinkin da ke bayan tashar jirgin ƙasa, inda ake ɗinka rigunan 'yan makaranta, akwai wata mata da kowa ke kira Guguwa. Gajera ce, ba ta da jiki, amma muryarta ta fi ta girma nesa ba kusa ba. Sunan ya bi ta ne tun tana kan keken ɗinki, don in ta ɗora ƙafa ta sunkuyar da kai, kafin ta kusa da ita ta gama riga ɗaya ita ta tara uku. Yau shekararta goma sha ɗaya tana shugabantar ɗakin ɗinki, mata ashirin da huɗu a hannunta, kuma babu ɗakin da teloli ke rububin shiga kamar nata. Sai dai duk wanda ya ce maka da iyawarta aka haife ta, bai ga watanninta na farko ba.

'Yar direban babbar mota ce. Tana aji uku a sakandare ciwon baya ya kwantar da mahaifinta, ta ajiye littattafai ba don tana so ba. Tana shekara goma sha tara ta shigo kamfanin, aka zaunar da ita kusa da wata mai ɗinkin kwala da ake kira Gwaggo. Gwaggo ba ta haɗa jini da kowa a ɗakin ba, amma har Manaja haka yake kiranta. Ita ta koya wa Guguwa riƙon yadi, da karya kwana ba tare da allura ta tsallake ba, da gane ciwon keke daga kukansa. Ita ta riƙe mata hannu a asibiti ranar haihuwarta ta fari. Shekara goma sha huɗu Guguwa ta yi a kan keke, a ciki ta auri wani bakanike mai tsokanar tsiya, suka haifi yara uku.

Da tsohuwar shugabar ɗakin ta ajiye aiki saboda ciwon gwiwa, Manaja bai sha wahalar tunani ba. Ya duba allon da ake rubuta yawan rigunan da kowace ta ɗinka, ya ga wadda ke sama, ya aika a kira ta. Haka kamfanoni suke yi, kuma abin yana ba da haushi: a ɗauke wadda ta fi kowa iya ɗinki daga kan keke, a miƙa mata makullai da biro, a wayi gari an rasa tela, shugabar kuma ba a samu ba tukuna.

Don kada a ce ba a yi mata komai ba, aka tura ta bita ta kwana uku a wani otal mai sanyi kamar cikin firji. Malamin bitar wani dogo ne mai kwat, mai yawan cewa "kun gane?" ba ya jiran amsa. Ya ce wasu masana na ganin shugaba haifarsa ake yi, wasu kuma na ganin koyonsa ake yi kamar tuƙin mota. Ya ce akwai shugaba mai ba da umarni, da mai neman shawara, da mai sakar wa mutane linzami. Akwai mai ɗaukar ma'aikaci a matsayin rago da sai an sa masa ido, akwai mai ɗaukar cewa mutum yana son aikinsa in an bar shi ya yi. Guguwa ta rubuta duka da manyan baƙaƙenta har biro ya ci mata yatsa.

Abin da ya fi shiga ranta shi ne zanen da ya yi a rana ta uku. Ya ce aiki ya riƙa tafiya gaba kamar ruwa a famfo, kada ya koma baya: daga mai yanka zuwa mai aljihu, zuwa mai hannu, zuwa mai kwala, zuwa mai maɓalli, zuwa mai guga. Guguwa ta tuna ɗakinsu, inda mai kwala ke bakin taga, mai hannu ke can ƙurya, ana ta ratsa ɗaki da ƙunshin riguna kamar masu tashi daga gida. Ta ce a ranta, ashe shekara da shekaru shirme muke yi.

Ta dawo da littafinta, ta shiga gwada abin da ke ciki bi da bi. Makon farko ta ɗaure fuska tana ba da umarni, matan da jiya-jiya take shan shayi da su suka riƙa ƙunshe dariya a bayan yadi. Mako na biyu ta tara su neman shawara, aka kwashe awa guda ana rigima a kan inda fanka za ta fuskanta, aka tashi mata biyu ba sa magana. Mako na uku ta sakar musu linzami, ita kuma ta lallaɓa ta koma kan tsohon kekenta, don a nan kaɗai take jin ita wata ce. Ranar Alhamis shuɗin zare ya ƙare ƙaf a ɗakin, aka zauna ana kallon juna. Neman zare daga sito aikin shugaba ne, shugaba kuwa tana can tana ɗinki.

Mijinta in yana ɗaura takalmi da safe sai ya ce, "Ranki ya daɗe, yau wane shafi za a yi wa bayin Allah?"

"Ka yi ta kanka, baban yara," in ji ta. Amma maganar tana yi mata zafi.

Sai ta juya ga zanen, don shi dai ba ya dariya. Ranar Asabar bayan an tashi, ta sa masu dako biyu suka jera kekunan ɗaya bayan ɗaya yadda malamin ya zana. Litinin da safe matan suka shigo suka yi cirko-cirko, kowace na neman kekenta. Gwaggo ta tashi daga bakin taga ta koma tsakiyar layi. Uwar Biyu, mai ɗinkin aljihu wadda ke zama kusa da Gwaggo, ta koma can gaba.

Uwar Biyu ta matso ta rage murya. "Shugaba, don Allah ki bar ni kusa da Gwaggo."

Malamin bita ya gargaɗe su cewa mutane ba sa son canji, kuma abokanka ne za su fara gwada ka. Guguwa ta ji ranar jarrabawa ta zo. Ta ɗaga murya yadda kowa zai ji ta ce, "Hira kuke so. Aiki muka zo yi nan."

Uwar Biyu ta buɗe baki, ta dubi Gwaggo. Gwaggo ta ɗan girgiza kai. Uwar Biyu ta haɗiye maganarta ta tafi ta zauna.

A faɗi gaskiya, zanen bai yi ƙarya ba. Zirga-zirga ta ragu, aljihu da hannu suka riƙa zuwa da wuri. Amma duk abin da ya iso gaban Gwaggo sai ya tsaya. Matar da ke ɗinka kwala ɗari da ashirin a rana ta koma hamsin da ƙyar. Masu maɓalli da masu guga a bayanta suka zauna suna hamma, riguna kuwa suka taru a gabanta har suka kai mata ƙirji. A da, cikin wancan hargitsin, babu mai lura da saurin kowa. Yanzu duk wanda ya leƙo ƙofa, tulin Gwaggo zai fara gani.

Manaja ya leƙo. Saura mako biyar a buɗe makarantu, dubban riguna na jira. Ya kira Guguwa ofis ya miƙo mata takarda mai sunan Gwaggo.

"Na san mahaifiya ce a wurinki," in ji shi. "Amma shekara talatin da ɗaya ba wasa ba ce, ta gaji. Ranar Juma'a ki dawo min da wannan da sa hannunki, mu sallame ta cikin mutunci, mu sa mai jini a jika."

Guguwa ta fito da takardar a hannu. Gwaggo ba ta da miji, ɗanta ɗaya yana wata ƙasa, in aka raba ta da keken nan an raba ta da dalilin tashi da safe. Abin da Guguwa ta iya shi ta yi. Lokacin hutun rana da kowa ya fita, ta kwashi kwala talatin daga tulin ta zazzage su a kekenta, ta mayar. Gwaggo na dawowa ta shafa su da yatsa ta gane ɗinkin. Ta tattara su ta kai gaban Guguwa ta ajiye.

"'Yar nan, ban mutu ba tukuna," in ji ta.

Ranar Laraba dabara ta ƙare wa Guguwa. Ta samu wani bandir ɗin yadi a bayan ɗaki ta zauna a kai, hannu ba komai, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta shigo kamfanin. Tana zaune zaren Gwaggo ya tsinke. Gwaggo ta lashi bakin zaren, ta kai ga allura, ya wuce ta gefe. Ta sake, ya wuce. Ta laluba ramin allurar da farce, ta sake. Wata ta zo giftawa, Gwaggo ta yi kamar ɗankwali take gyarawa. Guguwa ta dubi agogon bango: minti goma sha ɗaya ana abu ɗaya. Can sai Uwar Biyu ta miƙe daga gaba da kofi a hannu kamar mai zuwa shan ruwa. Da ta zo daidai Gwaggo ta yar da almakashi, ta sunkuya ɗauka, ta zura zaren cikin ƙiftawar ido, ta wuce abinta ko waige babu.

Guguwa ta tashi daga kan bandir ɗin. Ta bi Uwar Biyu bakin famfo.

"Tun yaushe?"

"Shekara huɗu ke nan. Hannunta ya san hanya, in zare na ciki babu mai kama ta. Ramin allurar ne ba ta gani."

"Wa ya sani?"

"Kowa."

"Ni fa? Ni da ta raine ni?"

Uwar Biyu ta ajiye kofin. "Ke da ba kya ɗaga kai daga keke? In gini ya rushe a bayanki sai kin gama rigar hannunki za ki waiwaya. Yanzu kuma kin zama ta sama, wa zai kawo miki?"

A bakin famfon nan Guguwa ta ji sauran. Bahaguwar da a da take zama a ƙarshe an sa ta can ne don kada gwiwar hannunta ta riƙa dukan ta kusa da ita. Mai ciwon ƙirji a da tana bakin ƙofa ne saboda ƙurar yadi. Tsohuwar shugaba ce ta zaunar da kowace inda take, ɗaya bayan ɗaya, cikin shekaru, ba ta rubuta ko kalma ɗaya ba. Abin da Guguwa ta kira shirme ke nan. Kunya ta kama ta har ta rasa inda za ta sa idonta.

Hanya mai sauƙi tana nan: a mayar da kekuna, a ja bakin kowa, a ce wa Manaja Gwaggo ta ɗan yi rashin lafiya ne ta warke. Amma Uwar Biyu ta ce watan jiya allura ta huda wa Gwaggo yatsa, kuma ta fara rikita shuɗin zare da baƙi. Ƙaryar ba za ta kai ƙarshen shekara ba, kuma ranar da ta fashe babu mai iya tsaya wa Gwaggo.

Ranar Alhamis da aka tashi aiki, Guguwa ta hau bene hawa biyu zuwa ɗakin Gwaggo. Ɗaki ne da falo, fes kamar an lashe, kowane abu a wurinsa don kada a neme shi. Gwaggo na zaune a baranda kusa da gwangwanayen shukarta.

"Kin kawo takardar?" in ji ta. Ashe labari ya riga ya iso.

"Gafara na zo nema, Gwaggo. Sannan izini."

Gwaggo ta ce shekara biyu ke nan likita ya gaya mata yanar ido ce ta rufe mata gani, aiki za a yi, katin asibitin ma'aikata ma ya ɗauki nauyinsa. Sai dai za ta yi wata guda ba ta taɓa keke ba.

"Ina tsoron a sa min ƙarfe a ido, ba zan ɓoye miki ba. Amma na fi tsoron watan nan. Kin taɓa ganin wadda ta tashi daga kujera wata guda a kamfanin nan ta dawo ta same ta babu kowa?"

"Ki bar ni in gaya wa Manaja gaskiya."

"Ki tona min asiri ke nan. Abin da mata ashirin suka rufa shekara huɗu."

"Eh, Gwaggo."

"In ya ce ai shi ke nan ma, hujja ta samu fa?"

"Ban da tabbas, ba zan yi miki ƙarya ba. Abu ɗaya na sani, hannuna ba zai hau takardar nan ba."

Gwaggo ta juyo ta kafa mata idanun nan masu hazo. "Je ki faɗa. Amma kada ki ce makauniya. Ki ce yanar ido ce."

Juma'a da safe Guguwa ba ta tara taro ba, ta koyi darasin fanka. Ta bi mata uku da suka iya kwala, ɗaya bayan ɗaya, ta tsuguna kusa da keken kowace ta tambaye ta ko za ta ɗauki arba'in a rana in an rage mata nata aikin. Babu wadda ta bari ta gama tambayar. Sannan ta hau ofis, ta ajiye takardar a kan tebur babu sa hannu.

"Yallaɓai, tulin da ka gani laifina ne. Na canza wa mutane wuri ban tambayi dalilin zamansu ba." Ta faɗa masa komai, ba ta rage ba.

Manaja ya cire tabarau. "Shekara huɗu kuna ɓoye min?"

"Shekara huɗu kuma ba a taɓa dawo mana da kwala ɗaya daga makaranta ba."

"In kaya suka makara fa? Kin san abin da zai same mu?"

"Ka mayar da ni kan keke, ka nemi wata shugabar. Amma ka ba Gwaggo wata guda, a ajiye mata kujerarta."

Ya turo takardar gabanta, ya ɗora biro a kai. Guguwa ta mayar da hannayenta baya ta harɗe su kamar 'yar makaranta a gaban hedimasta, ta tsaya. Matar da ba ta gama sakandare ba, wadda wata ɗaya da ya wuce ba ta san hanyar sito ba, ta tsaya ƙyam tana kallon mutumin da zai iya sallamarta kafin azahar. Duk wanda ya san ta ya kamata ya yi alfahari da wannan tsayuwar.

Manaja ya yi ta ƙwanƙwasa tebur da yatsa. "Wata ɗaya," in ji shi. "Ko kwana ɗaya ba zan ƙara ba."

Watan nan Guguwa ta sha wuya. Ƙafarta na ƙaiƙayin keke, amma ko sau ɗaya ba ta zauna ba, don ta gane in ta sunkuyar da kai ɗakin ya rasa ido. Ta yi ta safa da marwa tsakanin sito da layi, zare da allura ba su sake yankewa ba. Ba ta watsar da zanen malamin ba, lanƙwasa shi ta yi: ta tambayi kowace mace a keɓe abin da take bukata a wurin zama, layin ya karkata har ya bi ta bakin taga, bahaguwa ta koma ƙarshe, mai ciwon ƙirji ta koma bakin ƙofa. Keken Gwaggo ta rufe shi da farin yadi. Sau biyu mai kula da sito ya zo ya ce a ba shi keken tunda yana zaune banza, sau biyu ya koma da kunnuwansa suna zafi. An yi faɗa, an yi kuka, wata rana an farke kwala sittin da aka ɗinka a karkace. Rigar ƙarshe ta fito daga hannun mai guga motar ɗaukar kaya na tsaye a ƙofa, direba na danna ham.

Ranar da wata ya cika, ƙarfe takwas saura, Guguwa na tsaye a bakin ƙofa tana kallon hanya. Ba ta san ko aikin idon ya yi kyau yadda Gwaggo za ta iya zama a keke ba, don duk zuwan da ta yi dubiya Gwaggo ba ta ce komai a kai ba. Sai ga ta ta shigo da sabon tabarau, ba ta dafa bango ba. Kekuna suka tsaya ɗaya bayan ɗaya.

Gwaggo ta tsaya a tsakiyar ɗakin ta ɗaga kai ta dubi rufi, ta dubi bango, ta bi fuskokin matan da kallo a hankali.

"Uwar Biyu, ashe furfura ta cika miki kai?" in ji ta. Ɗakin ya fashe da dariya. "Kuma wa ke shugabanci a nan, bango ya yi wannan dauɗa?"

"Ni ce, Gwaggo."

"To a nemo fenti."

Ta je bakin taga ta yaye farin yadin, ta ninke shi gida huɗu, ta zauna. Uwar Biyu ta miƙo hannu don ta zura mata zare yadda ta saba, Gwaggo ta ɗan buge hannun. Ta lashi bakin zaren ta kai ga allura, ya shige tashi ɗaya.

"'Yar nan," in ji ta ba tare da ta juyo ba, "tsayuwar me kike yi? A miƙo min kwala."

Guguwa ta ɗebo ƙunshin farko da hannunta ta ajiye mata. Daɗi ya cika ta. Ta ce wa matan su koma bakin aiki, muryar ta ƙi fitowa daidai, sai ta fita bakin famfo ta wanke fuska sau biyu kafin ta dawo.